DAMUWA DA TSORO: JAWABI A TARON ƘUNGIYARMU

Muna gode ma shugabannin ƙungiya da suka ba mu, mu malaman lakwal, damar magana a gaban manya. Zancen da muka kawo yau ya shafi kowane gida, ko da yake ba a cika yin shi a fili ba: damuwa da tsoro.

Mun san inda suke fitowa. Tsoho ya kwana yana lissafin damman hatsin da suka rage a rumbu, damana kuwa da sauran nisa. Uwa ta yi wata uku ba ta ji muryar ɗanta ba, ko yana Abijan, ko Legas, ko Libiya. Shi kuma ɗan yana can, aiki ya tsaya, yana jin kunyar kiran gida hannu wofi. Kowa na tsoro a ɓangarensa, kowa ya yi shiru.

Tsoron nan yana da tushe. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Sun ga korar baƙi daga Najeriya a 1983, sun ga faɗuwar darajar sefa a 1994, mu ma mun ga yunwar 2005 bayan fara ta ci gonaki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, me tsoro yake yi ma jiki? Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka mai zuba wani ruwa cikin jini, ana ce da shi adiranalin. Da mutum ya firgita, ruwan nan yana sa zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, baki ya bushe. Zuciyar babban mutum a kwance tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Cikin firgita tana wuce haka. Wannan taimako ne in kura ce a gabanka, don ka samu ƙarfin gudu. Amma rumbu da bashi ba a guje masu da ƙafa. In jiki ya zauna cikin wannan hali wata da watanni, barci ya ƙaura, abinci ya fita rai, ciwon kai da saurin fushi su zo, mai hawan jini kuma ciwonsa ya ƙaru.

Ga shawarwari biyar.

1. Mu raba damuwa gida biyu. Akwai abin da ke hannunmu: auna hatsin rumbu tun kaka, ajiye iri, shiga bankin cimaka. Akwai abin da ba ya hannunmu, kamar ranar saukar ruwa. Na farko a tashi a yi shi, na biyu a yi addu'a a bar ma Allah.

2. Mu faɗa ma wani. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne ga asirin mutane, amma damuwar da aka rufe cin mai ita take yi. A samu amini ɗaya, ko liman, ko ƙanen uba, a yi mashi bayani.

3. In zuciya ta tashi, a zauna. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga 4, a sake shi sannu ana ƙirga 6, kamar sau goma. Muna yi ma yara haka kafin jarrabawa, kuma muna ganin amfaninsa.

4. Mu kiyaye barci. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye. Shayi mai ƙarfi da goro da kafe bayan la'asar suna hana shi. Samari kuma su nisanci tiramol: yana ɓoye gajiya na ɗan lokaci, bayan nan ya kama mutum, ya kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya.

5. In abin ya wuce sati biyu, mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga mutane, a kai shi likita. In har ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe. Ciwo ne mai magani, babu abin kunya cikinsa.

Iyayenmu, muna roƙonku da ladabi: in yaro ya kira, a fara tambayar lafiyarsa kafin a tambayi saƙo. In ya komo babu komi, a tarbe shi da ruwa da fura kamar wanda ya samo. Akwai samarin da tsoron gori ya tsare a ƙasar mutane shekara da shekaru.

Ku kuma ƴan biɗa, ku kira gida ko sau ɗaya a wata, da kuɗi ko babu. Muryarku kaɗai tana sa tsohuwa ta yi barci.

Daga ƙarshe muna kawo ma bureau shawara biyu: a ware wani abu cikin asusun ƙungiya don kuɗin motar wanda ya maƙale a waje, kuma a naɗa mutum ɗaya a kowane birni mai zagaya ƴan garinmu yana aiko da labarinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna so a tattauna su kafin a tashi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya komo da na nesa lafiya.