Yaushe Rabonku da Ungulu? Jawabi a Kan Ƙungiyoyin Masu Duban Tsuntsaye



An umurce ni in yi muku bayani a kan ƙungiyoyin nan na masu duban tsuntsaye da sauran halittun daji, waɗanda ake so a kafa irinsu a makarantunmu. Amma kafin in shiga magana, ina roƙon dattawan da ke nan su amsa mini tambaya guda a zuci. Yaushe rabonku da ganin ungulu a kwata?

Ni yaro ne, abin da na tarar kaɗan ne. Amma iyayenmu sun ce a da, ran kasuwa, sai mahauci ya yi ta korar ungulaye kamar kaji, kuma babu rimi ko kukar da ke bayan gari wadda ba su kwana a kanta. Yau akwai yara a ɗakin nan da suka san karin maganar nan ta "ungulu ba ki jewar banza", amma ba su taɓa ganin mai jewar ba. Abin mamaki kuwa shi ne, ba wanda zai iya faɗin shekarar da ta fara raguwa a garinsa. Ta tafi ne sannu a hankali, idonmu biyu, ba mu lura ba, domin ba wanda ya ƙidaya, balle ya rubuta. To, wannan ƙidaya da rubutu su ne ainihin aikin ƙungiyar da nake magana a kanta.

Na sani wasu za su ce wannan aikin marasa aikin yi ne, ko kuwa al'adar Turawa ce. Gaskiya ne su suka fara shirya abin a kan tsari. A 1930 aka kafa ƙungiyar Nigerian Field Society, wadda 'ya'yanta kan fita yawon daji su rubuta abin da suka gani a mujallarsu, a 1964 kuma aka kafa wata ta masu nazarin tsuntsaye kaɗai. Amma duban tsuntsu ba baƙo ba ne a gare mu. Wane manomi ne ba ya duban zuwan shamuwa kafin ya gyara iri? Bafillace yana kallon balbela da carki a bayan shanunsa, masunci kuma ya san inda zalɓe ke tsayawa akwai kifi. Bambancin kawai shi ne, namu sanin yana cikin kai, in mai shi ya rasu sai a rufe shi tare da shi.

Na bi wata ƙungiya irin wannan wata Asabar don in gani da idona. Ana idar da sallar asuba muka fita, gama tsuntsaye sun fi kai da kawowa da sanyin safiya. Ba wasu kaya masu yawa suka ɗauka ba: littafin rubutu, da fensir, da wani littafi mai hotunan tsuntsaye, da tabarau mai kawo nesa kusa guda ɗaya da ake karɓa-karɓa. Malaminsu ya hana sa fararen kaya, ya hana surutu, ya hana nuna tsuntsu da hannu da sauri. Da muka isa bakin fadama sai kowa ya tsaya cik. Wanda ya ga tsuntsu sai ya faɗa a hankali, a duba girmansa, da bakinsa, da launin ƙafarsa, da yadda yake tashi, sa'an nan a buɗe littafi a gwada. In an tabbata, magatakarda ya rubuta sunan, da wurin, da ranar, da ko guda nawa ne. In ba a tabbata ba, ba a rubutawa. Wannan doka ta burge ni ƙwarai, don na ga yaro ya rantse ya ga wani irin shaho, malamin ya ce masa zato ba ya shiga littafi.

Akwai wani tsohon maharbi da suke tafiya da shi, kuma a ganina shi ne rabin ƙungiyar. Kafin a ɗaga tabarau ya riga ya faɗi sunan tsuntsu daga jin kukansa. Yaran suna rubuta sunan Hausa kusa da na littafi, har da abin da ya faɗa na inda yake yin sheƙa da abin da yake ci. Ina ba malamai shawara, duk wanda zai kafa ƙungiya, ya fara neman irin wannan dattijo kafin ya nemi tabarau.

To, ina amfanin abin da aka rubuta? Ba a aljihu yake tsayawa ba. Kusa da Jos, a dajin Amurum na ƙauyen Laminga, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. A 2015 aka soma wani aiki daga can na zana taswirar tsuntsayen Nijeriya duka. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Mutum zai shiga gida guda ya yi aƙalla sa'a 2 yana dubawa, ya rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji, ya aika ta wayar hannu. Masu yin wannan ba duka ne masana ba, da yawa ɗalibai ne da malamai da sauran masu sha'awa. Ƙasarmu tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma babu yadda masana kaɗai za su iya zagaye ta. Ku lura kuma, rashin ganin tsuntsu shi ma labari ne. In an shiga gida guda sau da yawa ba a rubuta ungulu ba, to, an sami shaida ke nan wadda za a iya ajiyewa gaban hukuma.

Da irin wannan ƙidaya, ta ƙasashe da yawa, aka gane halin da ungulu ke ciki. A 2015 aka sa ungulun nan tamu ta kwata cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kama ta ana sayar da kanta da sauran sassanta don tsibbu, ana zuba guba a mushe don kashe kura ko karnuka sai ita ta ci ta mutu, ana kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ga shi kuwa ƙwai guda ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka in an kashe uwa, ba a mayar da gurbinta da wuri.

Wani zai ce, to, in ta ƙare sai me, tsuntsuwa mai ƙazanta? Bari in ba ku labarin ƙasar Indiya. A shekarun 1990 ungulayensu suka yi ta mutuwa, har wasu iri suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Daga baya aka gano wani maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu allurarsa, in saniya ta mutu ungulu ta ci naman sai ƙodarta ta lalace. A 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin, amma kafin nan mushe ya riga ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ga su kuwa su ne masu yaɗa ciwon haukan kare. Ashe ungulu ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi. Cikinta yana narkar da ƙwayoyin cuta da yawa waɗanda in sun zauna a mushe za su koma ga dabbobi da mutane.

Aiki na biyu na ƙungiya shi ne koyarwa, kuma shi ya fi wuya. Ba a raba yaro da danƙon harbi ta hanyar bulala. In ka karɓe na yau, gobe zai ɗaure wani. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba shi tabarau ya duba tsuntsun nan da yake harbi, ya ga idonsa da gashinsa kamar a tafin hannu, sa'an nan a gaya masa daga ina ya zo. Gama da yawa daga ƙananan tsuntsayen da muke gani da kaka da hunturu baƙi ne daga Turai, sun ƙetare teku da hamadar Sahara don gudun sanyi. Su kansu Turawan a da ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. A 1822 aka harbo wani ɗan'uwan shamuwa a ƙasar Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan nahiyar. Har yau gawarsa tana ajiye a Jami'ar Rostock. Na ba yara wannan labari, na ga sun yi tsit.

Wanda yake son ganin baƙin nan da yawa, sai ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru cikin watan Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa, ko tafkin Dagona a Jihar Yobe. Can ma ba lafiya lau ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta sauya, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Abin da ya taɓa tsuntsu a wurin shi ne ya taɓa masunci da mai shinkafa da makiyayi.

Ba zan ɓoye muku ba, iyayena manoma, akwai tsuntsun da ba za mu yi masa waƙar yabo ba. Jan baki in ya sauka a gonar gero ko shinkafa, kuka ne. Ƙungiya ba ta ce a bar shi ya ci guminku ba. Abin da take cewa shi ne a san shi, a bambanta shi da sauran, a kai rahoton inda yake kwana ga malamin gona da wuri. Gubar da aka zuba ba da sani ba kuwa, ba ta tambayar sunan tsuntsu. Tana kashe shamuwa da balbela masu cin fara tare da ɓarawon.

Game da kafa ƙungiya, abin ba shi da tsada. Malami guda, da yara kamar goma, da dattijo masanin daji, da izinin mai gari sun isa. A zaɓi wuri guda kusa, a riƙa komawa can a kai a kai, don komawa wuri ɗaya ya fi yawon wurare goma amfani. Littafin ƙungiya ya zauna a makaranta, kada ya bi malami in an yi masa canjin wurin aiki. Ran Asabar ta farko ta watan Satumba ake tunawa da ungulu a duniya, rana ce mai kyau ta gayyatar Sarkin Fawa da mutanensa su gaya wa yara abin da suka gani a da, a rubuta.

Sai abu guda da nake roƙon masunta da maharba. In kun sami tsuntsu da ƙaramin zobe na ƙarfe a ƙafa, ba layar kowa ba ce, masu nazari ne suka sa masa don su san hanyar da yake bi. Akwai lamba a jikin zoben. Ku kai wa malamin makaranta ko malamin daji, ku gaya masa ranar da kuka same shi da wurin, shi zai aika.

Ranka ya daɗe, in akwai mai tambaya, ga ni.