Shaidar Jini a kan Dawowar Sankarar Babban Hanji

 

Mas'alar da zan gabatar muku a yau ta daɗe tana damun likitocin tiyata, wato idan an yanke sankara daga babban hanjin majiyyaci, aka ɗauki hoton cikinsa ba a ga sauran komai ba, da wace hujja za a rarrabe wanda ya rabu da cutar da wanda ragowarta ta ɓuya a jikinsa kamar garwashi a ƙarƙashin toka? Amsar tana da nauyi, domin a kanta ake yanke hukuncin ba da magungunan sankara bayan tiyata, waɗanda duk da fa'idarsu suna jawo amai da gudawa da kasala, wani daga cikinsu ma, oxaliplatin, yakan bar mutum da mutuwar yatsun hannu da na ƙafa har tsawon shekaru.

Alama ta farko da aka dogara da ita ita ce wani sinadari mai suna CEA, wanda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Jami'ar McGill ta Kanada a 1965. Har yau ana auna shi, amma shaidarsa mai rauni ce, saboda yakan hau a jinin mashayin taba ko mai ciwon hanta, kuma sau da yawa cutar takan dawo alhali shi bai motsa ba.

Sabuwar hanyar kuwa ta ginu a kan wata hikima cikin halitta. Tun 1948 Mandel da Métais suka nuna a Faransa cewa akwai gutsattsarin sinadarin gado, wato DNA, suna yawo a cikin jini. Kuma da yake ƙwayoyin sankara suna ɗauke da sauye-sauyen da lafiyayyun ƙwayoyi ba su da su, ana iya gane gutsattsarinsu a cikin sauran. Jiki yana share su cikin sa'o'i kaɗan, don haka samunsu makonni huɗu bayan tiyata dalili ne mai ƙarfi cewa cutar tana raye a wani lungu.

A 2016 Jeanne Tie da abokan aikinta a Ostareliya, da taimakon masana na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka bayyana sakamakon bibiyar majiyyata 230 masu cutar a mataki na biyu. Cikin waɗanda ba a ba su magani bayan tiyata ba, an ga gutsattsarin sankarar a jinin mutum 14, cutar ta dawo wa 11 daga cikinsu. Waɗanda jininsu ya fita tas kuwa, kimanin ɗaya cikin goma ne kawai ta dawo masa. Sa'an nan a 2022 gwajin DYNAMIC, mai majiyyata 455, ya zo da abin da nake ɗauka shi ne babbar ribar wannan ilimi: inda aka bi shaidar jini, kashi 15 cikin ɗari ne aka ba magani, inda aka bi tsohuwar ƙa'ida kashi 28, amma bayan shekara biyu waɗanda suke raye ba tare da cutar ta dawo ba sun zama kashi 93.5 da kashi 92.4. An ɗauke wa kusan rabin masu shan wahalar magani wahalarsu, ba tare da an yi hasarar lafiya ba.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi iyakarta. Rashin ganin alama ba ya zama yaƙinin warkewa, musamman da yake cutar da ta yaɗu zuwa huhu ko rufin cikin ciki ba ta cika zubar da gutsattsari masu yawa ba, saboda haka hoto da leƙen hanji da na'ura suna nan a matsayinsu. Gwajin jinin kuma yana da tsada, kuma fa'idarsa mafi girma tana ga wanda aka riski cutarsa da wuri har tiyata ta yiwu.

Don haka nasihata gare ku, ya ku jama'a, ita ce duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko canjin bahaya da ya ƙi wucewa, ko rama ba dalili, kada ya yanke wa kansa hukuncin cewa basir ne. Ya garzaya asibiti a duba shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.