Rabon Aiki a Fagen Wasa: Daga Langa Zuwa Wasannin Fafatawa na Intanet



1. Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Badarawa da yamma, ko maƙwabtanta irin su Malali da Unguwar Dosa, ba zai rasa ganin samari huɗu ko biyar a kan benci guda a bakin shagon cajin waya ba, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, suna yi wa juna tsawa kamar masu kashe gobara. Iyaye da yawa suna kallon abin a matsayin zaman banza, kuma suna da hujja, domin yana cin lokaci yana cin kuɗin data. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa a ƙarƙashin wannan hayaniya akwai wata tsohuwar mas'ala wadda Bahaushe ya daɗe da saninta, watau yadda ake haɗa mutane kaɗan, masu baiwa dabam-dabam, su zama runduna guda.

2. Asalin wasannin

Daga cikin wasannin wayar da suka bazu a ƙasar nan akwai na harbi, irin su Free Fire da PUBG Mobile, inda ƙungiya kan ƙunshi mutum huɗu. Amma inda rabon aiki ya fi fitowa fili shi ne a wasannin da ake kara mutum biyar da biyar a fage ɗaya. Asalinsu wani fage ne mai suna DotA, wanda masu sha'awa suka ƙirƙira a 2003 a cikin wasan Warcraft III. Daga nan aka sami League of Legends a 2009, da Dota 2 a 2013, sa'an nan Mobile Legends a 2016, wanda aka yi shi domin waya. Abin ya bunƙasa ƙwarai, har a gasar duniya ta Dota 2 da aka yi a Bukares a 2021 kuɗin kyauta ya haura dala miliyan 40. Haka kuma a wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023 an ba da lambobin zinariya a kansu kamar sauran wasanni.

Tsarin fagen kusan ɗaya ne a dukkansu. Kowane ɓangare yana da sansani, hanyoyi 3 suna haɗa sansanonin biyu, kowace hanya da hasumiyoyin tsaro, a tsakanin hanyoyin kuma akwai daji. Kowane ɗan wasa yana riƙe da gwarzo ɗaya. Nasara tana ga wanda ya rushe cibiyar sansanin abokan karawa, kome yawan mutanen da aka kashe masa a hanya.

3. Darasin langa

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa. A wasan langa kowa yana riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Ana ware mutum guda a ce shi ne ruwa, sauran su zama dawaki masu tsaronsa. Idan ruwa ya kai wurin sha an ci wasa, ko da an zubar da dawakinsa duka. Idan kuwa aka ka da ruwa, ƙarfin dawakin bai amfana kome ba. Saboda haka doki nagari shi ne wanda ya yarda a ka da shi domin ruwa ya wuce. Langa tana nan da ranta, har ma tana cikin wasannin gargajiya da ake karawa a kansu a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa.

4. Mutum biyar, aiki biyar

A wasannin intanet ma akwai ruwa, shi ne maharbi. Da farkon wasa rarrauna ne, amma idan ya tara dukiya ya sayi makamai, shi ke rushe hasumiya a ƙarshe. Na biyu shi ne garkuwa, mai jure duka, wanda ke shiga gaba ya buɗe faɗa. Na uku mai sihiri ne, wanda ke riƙe hanyar tsakiya domin ya kai ɗauki sama ko ƙasa cikin hanzari. Na huɗu ɗan samame ne, mazauninsa daji, ba a ganinsa sai ya afko. Na biyar shi ne mataimaki, mai warkar da rauni, mai kafa fitilun leƙen asiri domin 'yan'uwansa su ga abin da ke ɓoye.

Dalilin wannan rabo shi ne dukiyar da ke fagen ƙayyadajjiya ce. Idan aka raba ta daidai tsakanin mutum biyar, babu wanda zai yi ƙarfin da zai yanke faɗa. Shi ya sa masu Dota 2 suke lamba mutanensu daga 1 zuwa 5 gwargwadon rabon kowa: na 1 shi ke fara ɗiba, na 5 ya haƙura da abin da ya saura. A nan ne ƙungiyoyin sababbin shiga suke karyewa, domin kowa so yake ya zama maharbi, sunansa ya hau saman allo. Maharba biyar ba su da mai tare musu gaba, ba su da mai gane musu hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan hannuwa biyar ba sa ɗaukarta in duk gefe guda suka kama.

Tarihin yaƙi a ƙasar nan ya tabbatar da haka. Rundunar sarakunan Hausa ta ƙunshi 'yan lifidi da 'yan baka da dakaru, kowane rukuni da aikinsa. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kaɗan ne, galibinsu 'yan baka ne. Suka tsaya a kan abin da suka iya, suka yi rinjaye.

5. Dabarun karawa

Dabara ta farko tana zuwa tun kafin a shiga fage, lokacin zaɓen gwaraza. Ɓangarorin biyu suna zaɓe bi da bi, kuma kowanne yana da ikon hana wasu gwaraza shiga. Mai hankali yakan jinkirta zaɓen da ya fi muhimmanci har ya ga abin da abokin karawa ya ɗauka.

Ta biyu ita ce sanin lokaci. Ƙungiyar da gwarazanta ke da ƙarfi da wuri tilas ta matsa ta gama kafin maharbin ɗaya ɓangaren ya ƙosa. Wadda ƙarfinta ke zuwa a makare kuwa, aikinta ta kauce wa faɗa ta tsare hasumiyoyinta.

Ta uku ita ce fifita manufa a kan kisa. Sau da yawa akan ci faɗa, sa'an nan a bi mai gudu cikin daji, a bar hasumiya a tsaye, har waɗanda aka kashe su farfaɗo su dawo.

Ta huɗu ita ce murya ɗaya. Dole a sami mai ba da umurni, kuma galibi mataimaki ko ɗan samame ya fi dacewa, domin idonsa na kan taswira. Samarin Badarawa da ke zaune a benci guda suna da wata falala a nan, tunda suna jin juna ba tare da jinkirin intanet ba, muddin dai ba duka biyar ɗin ke ba da umurni ba.

6. Kammalawa

Abubuwa biyu suka rage a wuyan manya. Na farko na iyaye ne: a ƙayyade wa yaro lokaci, kada wasa ya shiga lokacin salla ko na karatu, amma kuma a tambaye shi wane aiki yake riƙewa a ƙungiyarsu, domin amsar za ta bayyana wani abu na halinsa. Yaron da ya iya zama mataimaki ba tare da ƙorafi ba ya koyi abin da ma'aikatu da ƙungiyoyi da yawa suke nema. Na biyu na malaman Hausa ne. Yawancin kalmomin da samarin ke amfani da su a wasan na Ingilishi ne, alhali ruwa da doki da garkuwa da samame suna nan a harshen tun kaka da kakanni. Ya kamata ɗalibai su je bakin waɗannan shaguna da littafi da alƙalami, su rubuta abin da ake faɗi, su ga wace kalma ce aka ara, wace ce kuma aka riga aka hausantar, kafin a zauna a tsara musu ƙamus.