Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Taskar Awon Teku



Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Arewa da teku? To, ku sani daminarmu daga can take tasowa. Iskar da ke kawo mana hadari daga Tekun Atilantika take ɗauko laima, kuma masana sun gano cewa sauyin ɗumin ruwan teku yana cikin dalilan farin 1973 da na 1984.

Ba su gane haka ba sai da aka tara awon shekaru masu yawa wuri guda. Tun 1961 hukumar UNESCO ta shirya yadda ƙasashe za su riƙa musayar irin wannan awo, kowace ƙasa da taskarta. Tamu tana Ikko, a cibiyar binciken teku da Gwamnati ta kafa a 1975.

Ga ƙa'idar. Wanda ya auna ɗumin ruwa ko gishirinsa, sai ya rubuta ranar, da wurin, da zurfin, da irin ma'aunin da ya yi aiki da shi, sa'an nan ya aika. Ma'aikatan taska su bincika ko da kuskure, su adana, su ba mai bukata.

Haka ake so ku yi da awon ruwan sama da na cikar kogi a gundumominku. Kada malami ya cike ranar da bai auna ba da ƙiyasi, gara ya bar gurbin. Ku aika da kofe kan kari, gama takardar da aka bari a akwati rabon gara ce.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.