Jiragen Tsakar Dare da Bakin Tekun Coney Island

Jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin New York ba su da lokacin tashi daga aiki, dare da rana suke jigila. Shi ya sa gyaran dogo yakan faɗo tsakar dare, sa'ad da fasinja suka ragu. A lokacin ne jiragen aiki masu launin rawaya ke fitowa, injin dizal na jan su, domin sau da yawa sai an kashe wutar layin kafin ma'aikata su taka shi. Wani na ɗauke da ƙarafunan dogo da tsakuwa, wani na kwashe buhunan shara tasha bayan tasha. Da guguwar Sandy ta cika ramuka da ruwan gishiri a 2012, jiragen famfo ne suka zuƙe shi. Ma'aikatan waɗannan jirage, bayin Allah, sun cancanci yabon da ba a cika yi musu ba.

Can kudancin Brooklyn, a unguwar Coney Island, akwai katafaren garejin gyaran jirage da tashar Stillwell Avenue, inda layukan D, F, N da Q ke ƙarewa dab da teku.

A shekarun 1920, santi 5 kacal ke kawo talaka nan ya sha iska lokacin zafi. Lilon Wonder Wheel na 1920 da Cyclone na 1927 suna aiki har yau. Amma tsohon filin wasa na Luna Park gobara ta cinye shi a 1944, na Steeplechase kuma aka rufe shi a 1964, dattawan unguwar na ambatonsa da kewa. Tashar Stillwell Avenue ma an sake gina ta a farkon shekarun 2000, da rufi mai samar da lantarki daga hasken rana.