Awon Ido Bayan Aikin Leza

Yau hirarmu a kan ido take.

A cikin ido akwai ruwa. In ƙarfinsa ya hau, sai ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa sannu sannu, ba ciwo. Ita ce cutar hawan jinin ido. Ganin da ta ci ba ya dawowa.

Likita yana auna ƙarfin ruwan nan da na'ura mai ɗan danna fatar gaban ido. Awon mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21.

To, ku dubi salka biyu cike da ruwa. In kun danna da yatsa, mai kaurin fata ta yi tauri, mai siririyar fata ta lotsa, alhali cikarsu ɗaya.

Haka ido yake. Kaurin fatar nan kusan rabin milimita ne. Aikin leza, wanda ake yi don a bar sa tabarau, kankare ta yake yi, ta rage kauri. Daga nan awo sai ya nuna ƙasa da gaskiya, cuta ta ɓuya.

Saboda haka, wanda aka yi wa aikin, in ya je asibitin ido a Maraɗi, ya faɗa tun kafin awo. Ya tafi da takardunsa. Likita zai auna kaurin fatar, ya duba jijiya da faɗin gani.

Ku isar da wannan magana gida. Allah ya tsare mana idanunmu.