In Mai Tebur Ya Yi Kuskure, Rarar Ta Wa Ce?

Jawabin da wakilin ma'aikatar yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban Belbeji

 

Yau a kan lissafi za mu yi magana, amma ba za mu taɓa allo ba tukuna. Da yawa cikinku yanzu kun iya tarawa da ɗebewa. Wasu ma sun fi mai tebur ɗin garinsu iya lissafi. To, ga tambaya. Ka sayi kaya, mai kaya ya ruɗe ya ba ka canji fiye da naka. Kai ka gani, shi bai gani ba. Me za ka yi?

Ku fara duba inda ruɗewar take fitowa. Mu da dala muke ƙirga, amma a jikin kuɗi tamma aka rubuta. Dala ɗaya tamma 5 ce. Kuɗin ƙarfe mai lamba 100, a bakinmu dala ashirin ne. Takarda mai lamba 500, wadda aka fito da ita a 2012, dala ɗari ce. Mai lamba 1.000 ita ce jika. Ke nan ido yana ganin wani abu, baki yana faɗin wani.

Ga misali. Mai tebur zai tafi masallaci, ya bar ɗanshi ɗan lakkol. Ya nuna mishi wani kaya ya ce, "Wannan ɗari ne." Shi dala ɗari yake nufi. Yaro ya saba da lambobin lakkol. Ka miƙa mishi ƙarfe mai lamba 100, ya duba, ya karɓa, ya ba ka kaya. Nawa uban ya rasa? Dala tamanin. Haka kuma da almuru, a hasken fitila, takardar dala ɗari da ta jika in sun tsufa sun yi dauɗa, mai raunin ido yana iya haɗa su.

Wani zai ce, "Jika guda me za ta rage wa ɗan kasuwa?" Mu lissafa tare. A ce ya saro kwalin sabulu mai guda 40 a kasuwar Dole ta Damagaram, a kan jika takwas. Kowane sabulu ya faɗo mishi dala arba'in. Yana sayarwa dala arba'in da biyar. Ribarshi dala biyar ce a kan guda. In ya sayar da kwalin duka, ribar jika guda ce cif, ba a ma cire kuɗin mota zuwa Belbeji ba. To, jikar nan da ka tura aljihu ka yi shiru, ita ce wahalar kwali ɗungum. Wataƙila sati biyu ya yi zaune cikin rana da ƙura kafin ya tara ta.

Sau da yawa ma ba mai dukiyar ke shan wuya ba. Ku mata kun fi ni sani. Kun soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli, kun ɗora wa yarinya talla. Ta dawo, kuɗi ba su cika ba. Wa ake bugu? Wanda ya karɓi rarar yana can yana shan shayi, yarinya tana nan tana kuka, ana ce mata ɓarauniya. Yaron kanti kuwa a ladanshi ake cirewa, ko a kore shi.

Amma kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Ciniki daban yake da kuskure. Ka yi tayi, ya ce albarka. Ka ƙara, ya sallama. Ko da araha ka samu, halalinka ne, don da idonshi buɗe ya sallama. In ya yi maka rangwame, ko mai hatsi ta ƙara maka gyara bisa tiya, kyauta ce, ka yi godiya. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: da ya san abin da na sani yanzu, zai yarda in tafi da wannan? In amsar a'a ce, to ba da yardarshi ka samu ba.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da duba wannan. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda manyan almajirai ke karantawa a zaurukan Damagaram, an kawo mai sayarwa da ya faɗi kuɗin da ya sayi kaya, aka ɗora mishi riba, daga baya ya gane ya yi kuskure ya faɗi ƙasa da gaskiya. In an gaskata shi ko ya kawo shaida, mai saye zaɓi biyu gare shi: ya mai da kayan, ko ya biya kuɗin gaskiya da ribarsu. Babu na uku. Dokar ƙasa ma, wadda asalinta daga Faransa take, ta ce wanda ya karɓi abin da ba a bin shi da shi, bisa kuskure, sai ya mayar.

Akwai wuri ɗaya mai wuya, ba zan ɓoye muku ba. Shi ne in mai kaya bai san darajar kayanshi ba. Malamai sun kawo misalin wanda ya sayar da dutse, ashe dutsen mai tsada ne. A nan da yawansu sun ce ciniki ya ɗauru, don shi ya kamata ya bincika kafin ya sayar. Alƙali ba zai tilasta ka ba. Amma ku ji labarin sahabi Jariru ɗan Abdullahi. Baranshi ya yi mishi cinikin doki a kan dirhami 300. Da Jariru ya ga dokin, ya ce wa mai shi ya fi haka. Ya yi ta ƙara mishi har 800, sannan ya biya. Ba wanda ya sa shi. A nawa gani, abin da alƙali ya ƙyale ba duka ne mutumin kirki ke ɗauka ba.

Wannan ya shafe mu ƙwarai a Damargu. Tun zamanin da ayarin Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma su koma da hatsinmu, ƙasar nan mahaɗar baƙi ce. Har yau Buzu ko Bafillace yana fitowa daga daji da ragonshi, ya yi wata uku bai ji farashi ba. Akwai masu tare shi a hanya, tun bai ga kasuwar Belbeji ko Bakin Birji ko Tanut ba, su saye a wulaƙance. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana tarbar fatake a hanya kafin su iso kasuwa. Dalilin a fili yake: jahilcin mutum ake ci.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci. "Su ma ai suna cutarmu. Da kaka su saye hatsinmu da babbar tiya, da bazara su sayar mana da ƙarama." Gaskiya ne, akwai masu yi. Sura ta 83 ta Alƙur'ani da su ta fara, masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Waɗanda suka ga 1984 da 2005 ba su manta yadda farashin hatsi ya tashi ba. Amma maganin wannan yana ga ƙungiya, da bankin cimaka, da iya karanta sikeli da takarda, abin da ya kawo ku nan. Dala tamanin da ka ɓoye wa ɗan mai tebur ba ta rama maka komi ga babban ɗan kasuwar da ya cuce ka ba. Kuma ku tuna, a waɗannan shekarun gidaje nawa ne suka ci bashin mai tebur ɗin unguwa kafin su ga sabon hatsi? Mutumin da ya gane ka taɓa yi mishi shiru, da wuya ya sake buɗe maka littafin bashi.

Saura yadda za a yi. Ka ƙirga canjinka nan gaban mai kaya, da ƙarfi, kafin ka juya. In sai a gida ka gane, ka koma, ko ka riƙe har kasuwa mai zuwa. In yaro ne ya ruɗe, ka mayar wa yaron a hannu, ka nuna mishi inda ya ɓata, kada ka tara mishi jama'a. In baƙo ne ya wuce, ka tambayi dillalinshi ko mai masaukinshi, don da wuya baƙo ya ci kasuwa ba wanda ya san shi. In an nema an rasa, ka je ga liman ya faɗa maka yadda ake sadaka da su a madadin mai su. Kuɗin da aka turo wa wayarka bisa kuskuren lamba, su ma haka ne, kada ka taɓa su.

Yanzu ku ɗauko alli. Mace ta sayi sukari na dala sittin da gishiri na dala goma sha biyar. Ta ba da jika guda. Mai tebur ya mayar mata da takarda mai lamba 500 da ƙarfe uku masu lamba 100. Nawa ne canjinta na gaskiya, nawa kuma za ta mayar? Ku rubuta amsa da dala, ku sake rubuta ta da tamma. Wanda ya gama ya ɗaga allonshi.